Filin Mata: Gwangwanin Maganin Kakata

  Yau dai zancen tsofaffin na kawo muku, gama akwai abin da ya same mu a gida wanda na ga bai kamata in yi shiru da shi ba.

Da hutun da ya wuce na tafi gida. Kwana uku da isata, da asuba, sai muka ji ƙarar buta a tsakar gida. Muka fito da gudu, muka iske kakata, mahaifiyar innata, a zaune dirshan a ƙasa, zani ya jiƙe. Ta ce tashi ta yi za ta kewaya, tana miƙewa sai duniya ta juya mata. Allah ya kiyaye ba ta karye ba, sai dai goshi da ya kumbura. Da gari ya waye na ce, "Iya, ina magungunan da ki ke sha?" Ta nuna mini wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Na zazzage shi a kan tabarma na ƙirga, iri 9. Ga katin asibiti har 3, kowanne na wurin likita dabam: ɗaya na hawan jini, ɗaya na ciwon sukari, ɗaya na ciwon gwiwa. Ban da wannan kuma ga waɗansu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ba suna, ba takarda, jikanta ne ya sayo mata a kemis. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne biyu daga cikin magungunan abu ɗaya ne, kwalin ne kawai ya bambanta, ita kuwa tana shan kowanne safe da safe, a zatonta biyayya ta ke yi wa likita.

Na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Ki duba gidanku, ko gidan mijinki. Da wuya ki sami tsoho ko tsohuwa mai ciwo ɗaya tak. Mai hawan jini yana da sukari, mai sukari ƙodarsa ta fara gajiya, ga gwiwa, ga ido ya yi hazo. Kuma wa ke riƙe da gwangwanin? Mu ne, mata. Ko 'ya, ko matar ɗa, ko jika 'yar makaranta wadda ita kaɗai ce ta iya karanta abin da ke jikin kwali. Saboda haka na zauna na karanta abin da masu bincike suka gano game da wannan al'amari, ga shi kuwa na kawo muku gwargwadon fahimtata.

Farkon abin da masu wannan bincike suka so su sani shi ne yawan mutanen da ke ɗauke da ciwo fiye da ɗaya. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wata ƙidaya da aka yi a ƙasar Sikotilan. An duba takardun mutum miliyan 1 da dubu 750 da 'yan kai a ɗakunan shan magani 314, ana neman ciwo iri 40 na waɗanda ba su warkewa sai dai a yi ta lallaɓa su. Aka tarar cikin masu shekara 65 zuwa 84, kusan mutum 65 cikin 100 suna da ciwo biyu ko fiye. Waɗanda suka kai 85 kuwa, sun haura 80 cikin 100. Har wa yau aka ga a unguwannin matalauta abin ya kan riga zuwa da shekara 10 zuwa 15. Ashe ke nan tsoho mai ciwo ɗaya shi ne baƙo, mai biyu da uku shi ne ɗan gari.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ilmin likita an rarraba shi ne ciwo-ciwo. Akwai littafin ƙa'ida na hawan jini, akwai na sukari, akwai na ƙashi, kowanne kuma an rubuta shi kamar mai ciwon ba shi da wani ciwo sai wannan. Gwaje-gwajen da aka gina ƙa'idodin a kansu ma, da yawa ba su ɗauki tsofaffi tukuf masu tarin ciwo ba. Wata likita a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Cynthia Boyd, ita da abokan aikinta suka yi wata dabara a 2005. Suka ƙaddara wata tsohuwa 'yar shekara 79 mai ciwo 5: hawan jini, sukari, ciwon gaɓɓai, raunin ƙashi, da ciwon huhu mai sa numfashi sama-sama. Suka ce bari mu bi kowane littafi daki-daki mu ga abin da za a ɗora mata. Lissafi ya fito magani iri 12, a sha sau 19 a rarrabe cikin lokatai 5 na yini, kuɗinsu kuwa dala 406 kowane wata. Mafi muni, maganin wannan ciwo ya kan ɓata wancan. Da na karanta sai na ce, ai wannan Iya ce, ƙasa kawai aka sauya mata.

Bari in gaya muku yadda ta kasance da ita, gama likitan da muka kai ta wurinsa ya warware mana zaren tun daga bakinsa. Gwiwa ce ta fara. Aka sayo mata maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, ta yi ta sha kullum, wata da watanni. Irin waɗannan su kan sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, su kan kuma ci ƙoda da bangon ciki. Da ta je awo aka ga jini ya hau, ba wanda ya san da ƙwayoyin leda, sai aka ƙara mata ƙarfin maganin hawan jini da a ke kira amlodifin. Shi kuwa in ya yi yawa ya kan kumbura ƙafa. Ƙafa ta kumbura, ta je wani wuri dabam, aka ba ta maganin sa fitsari. Maganin fitsari ya hana ta barci, ta tashi sau uku sau huɗu cikin dare, jiki ya bushe, jiri ya zo. Ga shi kuma tana ninka maganin jini ba ta sani ba. Ƙarshenta sai buta a ƙasa, Iya a ƙasa. Kun ga kowane magani an ba da shi ne domin a gyara ɓarnar wanda ya gabace shi. Likitoci biyu, Rochon da Gurwitz, sun bayyana wannan sarƙa tun 1997, amma har yau tana kama mutane. Ka'idar da na koya daga nan ita ce, duk sa'ad da tsoho ya zo da sabon kuka bayan an sauya masa magani, a fara tuhumar maganin kafin a ce sabon ciwo ne.

Kada wata ta ji wannan ta ce, to ai shi ke nan, a zubar da gwangwani a huta. A'a. Binciken bai faɗi haka ba ko kaɗan. A 2008 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum 3,845 masu hawan jini, dukansu sun kai shekara 80 ko sun wuce. Rabi aka ba su magani ana neman awonsu ya sauka zuwa 150 bisa 80, rabi aka ba su ƙwayar da ba kome a cikinta. Waɗanda suka sha magani na gaske, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 21 cikin 100, gazawar zuciya kuwa da kashi 64. Saboda haka zancen da a ke yi cewa ai tsufa ne, a ƙyale shi, ba gaskiya ba ne. Hawan jini ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Sai dai a lura, tsofaffin da aka yi wannan gwaji da su masu sauran ƙarfi ne, ba waɗanda ke kwance ba.

Ga kuma ɗaya gefen. A Ingila, a 2020, aka ɗauki mutum 569 masu shekara 80 zuwa sama, waɗanda ke shan maganin hawan jini iri biyu ko fiye kuma awonsu ya zauna daidai. Rabi likitansu ya cire musu iri ɗaya, yana bin su da awo. Bayan mako 12, mutum 86 cikin 100 na waɗanda aka rage wa awonsu na nan ƙasa da 150, waɗanda ba a taɓa nasu ba kuwa 88. Kusan ɗaya cikin uku sai da aka mayar musu da maganin. Watau ragi yana yiwuwa, amma likita ne zai zaɓi wanda za a cire, da awo a hannu, ba ke ko ni a tsakar gida ba. Akwai magungunan da in aka yanke su farat ɗaya su kan jawo haɗari.

Ciwon sukari shi ne ya fi ba ni mamaki. Da ni a zatona gwargwadon saukar sukari gwargwadon lafiya. Ashe ba haka ba ne. A Amurka da Kanada an gwada da mutum 10,251 masu sukari waɗanda zuciyarsu ke cikin haɗari. Rabi aka matsa musu da magani domin sukarinsu ya koma kamar na mai lafiya, rabi aka bi da su sannu. A 2008 tilas aka tsayar da matsin kafin wa'adinsa, gama mutum 257 sun rasu a ɓangaren da aka matsa, 203 a ɗaya ɓangaren. Garin neman gira aka rasa ido. Tun daga nan likitoci suka sassauta ma'aunin da su ke nema ga tsoho mai rauni. Dalili kuwa, faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin kisa. Hawa ya kan ɗauki shekaru yana ɓarna, faɗuwa kuwa cikin sa'a guda ta kan kayar da mutum. Akwai wata ƙwaya mai araha, gilibenkilamaid, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba saboda wannan. In kin ga sunanta a gwangwanin tsohuwarku, ki tambayi likita ko akwai madadinta.

'Yan makaranta, wannan naku ne, ku riƙe shi kamar karatun jarrabawa. In mai shan maganin sukari ya fara gumi ba zafi, hannu na rawa, yana magana ba kan gado, ko ya yi ta hamma yana lumshe ido, ba aljanu ba ne, ba kuma rigimar tsufa ba ce. In yana iya haɗiya, a dama sukari cokali 3 a ruwa a ba shi nan take, sa'an nan a bi da abinci. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi a gefensa a nemi mota zuwa asibiti. Abin ya fi faruwa ran da aka sha ƙwaya ba a ci abinci ba. Domin haka mai niyyar azumi ya ga likita tun watan bai kama ba, a gyara masa lokaci da yawan magani. Haka kuma ran da amai ko zawo ya kama tsoho mai shan maganin sukari ko na fitsari, a kai shi a ranar, kada a jira gobe, gama ƙodar tsoho ba ta jure bushewa.

Sai asfirin. Mutane da yawa sun ji an ce ƙaramin asfirin kullum yana tsare zuciya, suka mai da shi kamar goro. A Ostareliya da Amurka an bi tsofaffi 19,114 waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba, yawancinsu daga shekara 70 zuwa sama, kusan shekara 5. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna asfirin bai ƙara musu kwanakin lafiya ba, sai zubar jini a ciki da a ka da ya ƙaru. Wanda ya riga ya yi ciwon zuciya ko ɓarinsa ya taɓa shanyewa, likita kuma ya ɗora shi a kai, wannan hukuncinsa dabam, kada ya bari.

Da aka gane rarraba mutum ciwo-ciwo yana da illa, sai aka ce to a haɗa. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'ida ta fitar da jagora a 2016 musamman domin masu tarin ciwo, inda ta ce a tambayi mai ciwon abin da ya fi damunsa, a kuma auna nauyin da jinyar kanta ta ɗora masa. Aka gwada wannan hanya da mutum 1,546 a ɗakunan magani 33 na Ingila da Sikotilan. Maimakon a kira mutum yau domin sukari, jibi domin huhu, sai a zauna da shi sau ɗaya kowane wata 6, nas da mai haɗa magani da likita su duba shi gaba ɗaya. A nan zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba: bayan wata 15, da aka auna lafiyar jikinsu da jin daɗin zamansu, ba su fi sauran ba. Abin da ya bambanta shi ne sun ce an saurare su, an kula da abin da ya dame su, jinyarsu kuma ta daina zama a warwatse. Waɗansu suka ce gwajin ya faɗi. Ni dai a ganina tsohuwar da aka rage wa zirga-zirga da zaman layi, lafiyarta kuma ba ta ragu ba, ta ci riba. Wadda ta taɓa raka tsohuwa asibiti tun sanyin safiya ta dawo bayan la'asar ta san abin da na ke nufi.

Irin wannan haɗi an gwada shi a nahiyarmu ma. A Tanzaniya da Yuganda an yi gwaji a asibitoci 32 da mutum wajen 7,000, inda a waɗansu daga cikin asibitocin aka haɗa masu hawan jini da masu sukari da masu ƙanjamau a layi ɗaya, kati ɗaya, ma'aikata ɗaya. Rahoton 2023 ya nuna kusan 9 cikin 10 na masu sukari da hawan jini ba su daina zuwa ba har shekara ta zagayo, jinyar masu ƙanjamau kuma ba ta lalace ba.

Inda aka ga amfani ƙarara shi ne inda aka kula da zuciya, ba ta ƙirji ba, ta tunani. A Amurka, a 2010, an ɗauki mutum 214 masu sukari ko ciwon zuciya waɗanda kuma ciwon damuwa ya kama. Rabi aka haɗa su da nas guda wadda ke bibiyarsu a kai a kai, tana duba damuwar tare da sauran. Bayan shekara, damuwa ta ragu, sukari da hawan jini da kitsen jini su ma suka gyaru fiye da na sauran. Wannan ya kamata mu yi tunani a kansa. Tsohuwar da mijinta ya rasu, ƙawayenta suka ƙare, ta koma ƙuryar ɗaki ba ta son ci ba ta son magana, mu kan ce halin tsufa ne. Sau da yawa ciwo ne mai magani, wanda ba ya so ya rayu kuwa ba zai damu da ƙwayar safe ba.

Abu biyu kuma na hannunmu ne, ba sai da kati ba. Na fari tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, a haɗe da wanda ke cikin dunƙulen miya. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce wajen hawan jini. Ba na ce a yi wa tsohuwa lami ita kaɗai ba, wannan horo ne, ba za ta ci ba. A rage wa gida duka kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Na biyu motsi. Da aka tattara gwaje-gwaje 108 a 2019, aka ga motsa jiki, musamman irin mai koya wa ƙafa tsayuwa daidai, yana rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23 cikin 100. Mu kuwa saboda ladabi mu kan hana su ɗaga ko tsinke. "Zauna, Iya, bari in kawo miki." Da haka ƙafa ke mutuwa. A bar ta ta taka zuwa maƙwabta, ta tsince shinkafa, ta tashi daga kujera ta zauna sau da yawa tana dafe da bango. In za ta tashi daga kwanciya, ta zauna bakin gado tukuna ta ƙirga 30 kafin ta miƙe. A kuma ajiye mata fitila kusa, a kawar da turmi da igiyar shanya daga hanyar bayan gida.

Ran da muka koma da Iya, na kwashe kome cikin jaka guda: na asibiti, na kemis, har da jiƙon da goggona ta kawo mata da garin da a ke zuba mata a kunu. Innata ta ce kada in kai na gargajiya, likita zai yi faɗa. Na ce, "Inna, in ya yi faɗa na yini ɗaya ne, in bai sani ba fa?" Bai ma yi faɗan ba. Na kuma rubuta a takarda guda sunan kowane magani, wanda ya ba da shi, da lokacin sha. Kowane ɗaya na tambaya: wannan na mene ne, har yaushe za a sha, kuma in aka bari me zai faru? Ba rashin kunya ba ne, likitan kirki ya kan ji daɗin irin wannan tambaya.

Sa'an nan ya juya wurinta ya tambaye ta abin da ta fi so a gyara mata. Mu duka muka zaci za ta ce gwiwa. Sai ta ce ita dai barci ta ke so, da kuma ta iya zuwa sunan jikokinta da ƙafarta ba a riƙe ta ba. A kan wannan ya tsara aikinsa. Ya hana ƙwayoyin leda, ya ba ta farasitamol da man shafawa domin gwiwa, ya cire ɗayan tagwayen nan, ya sa a auna ƙodarta, ya ce mu dawo bayan mako 2. Da muka koma jini ya sauka, ya rage ƙarfin maganin. Kumburi ya saɓe, sa'an nan ya janye na fitsari. Bai yi duka rana ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya ya bi, domin in wani abu ya tashi a san mafarinsa. Yanzu iri 5 ta ke sha. Gwiwa ba ta daina ciwo ba, sukari da hawan jini suna nan, sai dai tana kwana, ta kuma je suna biyu tun daga lokacin.

Takardar nan tana manne a bayan ƙofar ɗakinta. Ƙanwata 'yar aji 5 ita ce mai riƙe da ita yanzu, kowace Juma'a ta kan zauna ta rarraba ƙwayoyin mako cikin 'yan kwalabe 7 da ta rubuta wa sunayen ranaku, na safe da jan zare, na dare da baƙi, saboda Iya ba ta karatun boko. In an sauya magani, a ranar a ke gyara takardar, tsohon kwalin kuma a fitar da shi daga ɗakin.

Wadda ke da tambaya a kan wannan ta rubuto ta hannun Edita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen abincin mai ciwon sukari a gidan da tukunya ɗaya ce. Ku huta lafiya.